Tsinken Awon Baret

Shekarar da hatsi ya ƙi, gwaggona ta aiko mana da 'yarta daga wani ƙauye na wajen Dogo, don a rage bakin ci a gidansu. Yarinya ce 'yar shekara goma, siririya ƙwarai, in iska ta taso sai na riƙe mata hannu kada mu je tsintarta a Mirriya. Taubashiyata ce, saboda haka tun a bakin zaure na fara yi mata tsiya, na ce ta wanke ƙafa kafin ta taka mana birni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ita ba ta ga birni ba tukuna, akuya ta gani a ƙofar gida irin tasu, sai dai tamu ta fi rama.

Babana gyaran rediyo da talabijin yake yi. A shekarar nan Damagaram ta cika da biro-biro, wato ofisoshin masu rabon taimako, kuma in kwamfutarsu ta mutu, wadda mu ordinata muke ce mata, sai ta ƙare a zaurenmu. Gawa uku ke jingine a lungu, ƙadangaru sun mai da su gidan haya.

An sa yarinyar a lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu, don ta ƙauyensu ta watse, yara duk sun bi iyayensu cin rani. Ta so karatun nan kamar me. Amma an riga an yi magana: ruwan farko na sauka, babanta zai zo ya ɗauke ta. Wata rana bayan la'asar ta durƙusa gaban Baba ta roƙe shi ya bar ta ta zauna. Baba yana cikin liƙe wata waya, ko ɗago kai bai yi ba.

"In kika tayar mini da ɗaya cikin gawarwakin can, ni da kaina zan roƙi babanki," in ji shi.

Wasa yake yi. Ita kuwa ta ce, "To, Kawu," ta tashi ta ɗauko tabarma. Baba ba ya haɗiye maganarsa, sai ya ƙara sharaɗi cewa shi ba zai sa hannu ba. Nan take na naɗa kaina injiniya, tunda na daɗe ina riƙe masa fitila.

Muka farke gawarwakin, muka baje kayan cikinsu a tabarma. Na ce ta zaɓa. Sai ta shiga zaɓe yadda gwaggo ke zaɓen iri a bakin rumbu, duk wanda ya fi girma da kyan gani shi take warewa. Ta ɗauki wata fanka da za ta iya fifita masallacin Juma'a, da akwatin wuta mai nauyin jaririn jaki. Na yi dariya har na kwanta, sannan na gyara murya na ce ba haka ake yi ba. Ana fara zaɓen kartimer, wato babban faifan nan kore da komai ke hawa kansa. Shi ne mai gida, duk wanda zai shigo sai ya dace da ƙofar da ya buɗe masa. Na nuna mata yadda bakin wayar akwatin wutarta ya ƙi shiga ramin faifan. Ta gwada da kanta, ta juya shi, ta sake gwadawa, sannan ta ajiye shi tana harararsa.

A hankali muka daidaita. Faifai ɗaya ne kawai bai ƙone ba, ƙwaƙwalwarsa na zaune a kujerarta. Muka ɗauko ma'ajiyar bayanai daga gawa ta biyu, akwatin wuta ɗan madaidaici daga ta uku. Abu ɗaya ya rage, baret, wani ɗan siririn faifai mai haƙoran zinariya wanda in babu shi ordinata ba ta farkawa. Ramin baret ɗin namu fayau yake.

Akwai abokin Baba a kasuwa mai tsofaffin kaya, amma Baba ya ce faifan nan ba zai fita gidan nan ya hau kabu-kabu ba. Ina cikin sosa ƙeya, taubashiyata ta zaro tsinke daga tsintsiyar Mama, ta ɗora a kan ramin, ta karya daidai tsawonsa. Ta ce haka ake yi musu in za a sayo takalmin salla: a auna ƙafa da tsinke, a ba mai zuwa kasuwa. Na ce wallahi dabarar nan a bakina take, ta riga ni ne kawai. Baba ya ga tsinken, ya yi murmushi, ya ci gaba da aikinsa.

Ta riƙe tsinken nan har kasuwa kamar an ba ta amanar jariri. Muka ba mutumin babbar fankarta, ya ba mu baret daidai tsawon tsinke, ko gashi bai ƙaru ba. Na dawo gida ina tafiyar manya.

Baret ya ƙi shiga. Na ce kunya yake ji, bari in taimake shi da babban yatsa. Ta damƙe mini hannu. Da muka sunkuya muka duba, sai ga wata 'yar tsaga a tsakanin haƙoransa, a cikin ramin kuma akwai ɗan tudu da ya kamata ya faɗa cikinta. Sun saɓa da kamar faɗin ƙwayar gero biyu.

"Takalmi kuka auna," in ji Baba daga inda yake.

Ranar ce hadari ya fara haɗuwa a gabas. Duk unguwa an fito ana kallon sama ana addu'a, ita ma tana cewa amin, don ta san abin da rumbunsu ke ciki, amma tuwonta ta bar shi a kwano. Na rasa tsiyar da zan yi mata. Sai na shiga ɗakin Mama na tsinko jan zare, na ce ta sake karyo tsinke. Ta auna tsawo, ni kuma na ɗaure zaren daidai wurin tudun.

Mai kaya ya ga tsinke da zare ya yi dariya har ya kira maƙwabtansa. Amma ya juye mana kwali guda, muka tsuguna muna gwadawa ɗaya bayan ɗaya, har muka samu wanda tsagarsa ta faɗa kan jan zaren. A gida ita ta sa shi da hannunta, ya shiga da ɗan ƙara, ƙas. Muka jona wuta, muka haɗa da wani tsohon gilashin kwamfuta na Baba. Fanka ta juya, abu ya yi ƙara sau ɗaya, farin rubutu ya fito. Ni na yi tsalle har na kusa fasa rufi. Ita ta zauna tana kallo kawai, ta ce, "Yaya, ta tashi?" Na ce ta tashi.

Ruwa ya sauka cikin makon, babanta ya zo. Aka zaunar da shi gaban ordinata, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko tana faɗin yadda damina za ta kasance. Baba ya ce wannan sai Allah, amma wadda ta haɗa ta ga ta nan, kuma roƙo yake a bar masa ita. Suka daɗe a zaure. Aka tsaya a kan za ta je ta taya su shuka da noma, in an buɗe lakwal ta dawo.

Ta dawo kuwa, ta yi baƙi ta ɗan yi ƙiba, da ƙullin gyaɗa a ka. Kafin ta gama gaisuwa ta miƙo mini tsinke, awon takalmin ƙanenta. Na ga jan zare ɗaure a tsakiyarsa. Ta ce wurin nan ne yake da ƙari a ƙafa, in na je kasuwa in duba da kyau.