Tarihin Ƙarya a Hanyar Mit Gamar

'Yan'uwa na gida, wannan labarin tafiya ne, kuma neman gafara ne. Shekara huɗu ina karatu a Alƙahira ina rubuto muku cewa na san Masar lungu-lungu. Gaskiyar ita ce daga ɗakina a Abbasiya sai makaranta sai wurin mai wake.

A 2014 Kawu Sale, yayan mahaifiyata, ya zo aikin ido. Baba ya ɗora masa ya duba ni: in karatu nake a bar ni in ƙarasa, in surutu nake a maido ni gida. Da idon ya warke na ce mu je ganin dala. Kawu, wanda ya shekara talatin yana helma, wato shugaban masu zuba kwalta, ya ce, "Tulin duwatsu ai akwai a garinmu. Kai ni in ga hanyar ƙauyensu."

Abbasiya zuwa Banha

Mun fita ƙarfe biyar da kwata, bayan asuba. Shida saura muka shiga ƙaramar bas a tashar Abbud. A shingen bayan Ƙalyub soja ya riƙe fasfon Kawu a juye, ya daɗe yana nazari, ya ce, "Tamam," wato daidai. Kawu ya ce ashe ko'ina haka suke.

A nan na fara zunubi. Na ce Fir'auna ne ya shata hanyar nan da hannunsa. Kawu ya ce, "Allahu akbar." Daɗin wannan kabbara ne ya kai ni ya baro.

Banha zuwa Kafar Shukur

Bakwai da rabi muka karya a Banha da fitir, wata gurasa mai mai da ake dangwala wa baƙar zumar rake. Muka sake mota, muka zauna gaba. Hanya ta tsuke, ruwa a gefe ɗaya, gonakin lemo a ɗayan.

Muka hango wasu dogayen gine-ginen laka masu ƙananan ramuka. Na ce hasumiyoyin tsaro ne, ta ramukan ake harba kibau. Ban rufe baki ba tattabaru suka tashi daga ciki, fuu! Kawu ya ce, "Sojojin sun yi fiffike ke nan." Na ce daga baya suka tare.

Kafar Shukur zuwa Mit Gamar

Nan hanya ta cika da tudun rage gudu, kusan kowace ƙofar gida da nata. Kan Kawu ya bugi rufi sau uku. Na ce alamomin awo ne tun zamanin Turkawa.

Ƙarfe tara aka tsaya wata mata za ta ɗora agwagi. Kawu ya sauka, ya tsuguna gaban tudu guda, ya kankare shi da makullinsa, ya sansana. Ya dawo ya ce, "Nasiru, tambayi direba wa ya zuba wannan."

Na tambaya. Direban ya daki ƙirji: "Wannan? Ni da ƙannena! Bayan juyin juya halin 2011 'yan sanda suka ɓace, mota ta buge mana saniya, washegari muka zuba. Maƙwabci ya gani, ya yi wanda ya fi namu tsawo. Shi ke nan, gari duk ya ɗauka."

Kawu ba ya jin Larabci. Da na so, da na mai da saniyar nan sarkin Turkawa. Amma sabon idonsa yana kaina, ga kwalta a makullinsa. Na fassara yadda aka faɗa, na haɗa da Fir'auna da tattabaru, na ce duk ni na ƙirƙira.

Ya ce, "Na sani. Kwaltar nan ba ta shekara uku ba, kuma mugun aiki ce. To, ita hanyar, yaushe aka yi ta?"

Na ce, "Ban sani ba, Kawu."

"Gadar can fa?"

"Ban sani ba."

Komowa

Mun yi azahar a Mit Gamar, muka ci gasasshiyar tattabara, Kawu yana cewa mu ci sojan Fir'auna. Biyar da rabi muka iso Abbasiya. Ya buga wa Baba waya ina tsaye. Na ji ya ce, "Yaron nan a bar shi. Yau ya koyi cewa bai sani ba, har sau biyu. Sauran karatun mai sauƙi ne."

Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, na gode wa Kawu da direban nan. Wasiƙun da na aiko muku a baya kuwa, ku yafe ni, ku hura wuta da su.