Kabarin Bayan Ɗaki na Takwas

Shekarar da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, ni ma aka kwaso ni tare da tafiretata, kamar sauran kayan ofis. Na samu haya a Nyanya, gida mai ɗaki takwas da famfo ɗaya, shi ma ado ne kawai. Ni ce a ɗaki na bakwai. Na takwas na Baba Solomon ne.

Dattijo ne ɗan Gbagyi, gajere, mai faɗin tafin hannu, yana noman doya a wani fili da ya ara bayan dutse. Abin ya ɗaure mini kai, a ce ɗan ƙasa yana zaman haya, sai da na tambaye shi. Ashe filin da gidan yake a kai gonar ubansa ce. Da masu awo suka zo suka ce ƙasa ta zama ta gwamnati, 'yan uwansa suka koma Yangoji wajen dangin uwarsu. Shi ya ƙi tafiya, don ubansa yana kwance a nan. Aka yi gini yana kallo, aka gama, ya je ya kama ɗakin ƙarshe. Tagarsa tana kallon wasu duwatsu shida a gindin ɗorawa, alamar kabarin uban. Kullum da safe sai ya share wurin kafin ya wanke fuska. Ran Lahadi in ya dawo daga coci, ya zauna ya ba tsohon labarin farashin doya.

Mai karɓar hayar wani ejan ne, Alexander. Da mutanen Legas suka cika gari har ana kwana a shagon aski, sai Alexander ya lura ana asarar fili a bayan gida. Ya ce za a ƙara ɗaki biyu, ramin masai kuma daidai kan duwatsun nan.

"Oga Alex, babana yana wurin," in ji Baba Solomon.

"Babanka yana biyan haya ne?"

Wallahi haka ya faɗa, a gabana. Ni ce ma na yi masifar, har ɗankwalina ya faɗi. Baba Solomon cewa ya yi kawai a nuna masa mai gidan ya roƙe shi, don a wurinsu ba a roƙon ɗan aike. Alexander ya ce mai gida yana Legas. Na ce ai Legas ɗin ma ta dawo nan. Ya ce to yana hanya.

Na ce, "Baba, tashi. In dai takarda ce, sana'ata ce."

Sati uku muna sintiri a ofishin filaye. Yau a ce fayil yana Legas, gobe yana cikin tirela, jibi mai makulli ya tafi kwaso iyalinsa. Kullum Baba Solomon da doya biyu a buhu, tsarabar mai gida in an same shi, kullum kuma doyar a hannun masinjoji take ƙarewa. Rannan wani masinja mai suna Sabo, da ya ci doya har huɗu, kunya ta kama shi. Ya sunkuya ya zaro fayil ɗin daga ƙarƙashin ƙafar tebur, ashe da shi aka tokare teburin tun zuwansu. Muka buɗe. Mai gida: Nabilah Abdulmajeed, da adireshi a Garki.

Na san sunan uban. Alhaji Abdulmajeed darakta ne a ma'aikatarmu. Ni nake buga masa takardun gargaɗin ma'aikata kan riƙon amana.

Ran Asabar muka je. Alhaji ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya dafa ƙirji.

"Haba Hadijatu, ni ma'aikacin gwamnati, ina na ga kuɗin gini? Ko bulo ɗaya ba ni da shi a Nyanya. Gidan Nabilah ne."

"To yallaɓai, a taimaka a yi mana sallama da Hajiya Nabilah."

Aka kira ta. Sai ga yarinya 'yar shekara huɗu, takalmi a ƙafa ɗaya, biskit a hannu.

Takaici ya sa na miƙe zan tafi. Baba Solomon bai tashi ba. Sai ya cire hula, ya durƙusa a gaban yarinyar, ya ajiye doyarsa.

"Mai gida," ya ce da irin Hausarsa, "babana yana bayan gidanka. Don Allah kada a haƙa masai a kansa."

Nabilah ta dube shi, ta dubi doyar, ta ce, "To." Ta kuma gutsura masa biskit. Ni kam hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba.

Na ce, "Yallaɓai, ka ji, ta yarda. Sai a rubuta wa Alexander."

Ya yi mini bayani a tsanake. A doka yarinya ba ta isa sa hannu ba sai ta kai sha takwas. Shi kuma in ya sa hannu, ya amsa gidan nasa ne ke nan. Na ce to haƙan ma a jira ta kai sha takwas ɗin. Ya ce wannan harkar ejan ce, shi ba ya shiga dukiyar yara. Doyar dai an shige da ita kicin.

Litinin Alexander ya zo da lebura biyu, ya tarar da Baba Solomon tsaye da fartanya. Baba ya ce shi zai haƙa ramin, kuma kyauta. Alexander baki har kunne, ya sallami leburori. Kwana biyu tsohon nan yana haƙa shi kaɗai, da ya yi nisa ya ajiye fartanya ya ci gaba da hannu. Bai bar kowa ya leƙa ba. Na ba shi sabuwar atamfata, ya naɗe abin da ya samu, ya sa a akwatin ƙarfe.

Na raka shi tashar Nyanya, zai hau motar Gwagwalada, daga can ya wuce Yangoji. Direba ya kai hannu zai ɗora akwatin a saman mota tare da buhunan masara.

"A'a," in ji Baba Solomon. "Ba kaya ba ne. Kuɗin mutum biyu zan biya."

Ya ajiye akwatin a kujerar bakin taga, ya zauna a gefensa. Wata mata da aka matse a baya ta fara mita, wai mutane a takure, akwati ya samu taga. Baba Solomon ya juya ya ce mata ta yi haƙuri, tsoho ne, bai taɓa shiga mota ba.