Tuwon mutum talatin

A shekarata ta biyu ina koyarwa a Doha, jami'armu ta kawo wani dattijo da ya taɓa yin gwamna a wata jiha ta Amurka. Ofishinsa na kusa da nawa, muka saba, har na gayyace shi cin abinci gidana a unguwar Mu'aither.

Ni dai a sanina gwamna ba ya tafiya shi kaɗai. Na sa maiɗakina ta yi tuwon mutum talatin, na aro kujeru, na roƙi maƙwabcina, wani ɗan Zangon Kumasi, ya janye motarsa don ayari ya samu wuri.

Sai ga tasi guda ɗaya. Dattijo ya fito riƙe da kwalin dabino. Na yi ta leƙen bayansa.

"Ranka ya daɗe, ina sauran jama'ar?"

"Wace jama'a?" in ji shi.

Muna ci yana ba mu labari, ina fassara wa maiɗakina. Ya ce a da, abincin dabbobi yake sayarwa a shagon mahaifinsa. Sau biyu yana faɗuwa zaɓe kafin ya ci. Ranar da ya sauka daga mulki shi ya tuƙa kansa gida, matarsa ta aike shi sayen madara.

Yana dariya, ita kuwa maiɗakina idonta ya cika da ƙwalla. Ta cika masa kula biyu da tuwo, ta ce da ni, "Malam, ka riƙa kawo shi. Bawan Allah ba shi da kowa."