Goran da Na Liƙe wa Baki

Shekarar da saniya ta harbi babana a muƙamuƙi, ina zaune gidan mijina a Tambuwal, goyon fari a bayana. Lokacin ba a san Nasara ba a ƙasar nan, labari da ƙafa yake tafiya, sai da ya kwana biyu kafin ya iso ni. Na hau jaki na nufi garinmu Kebbe.

Na tarar mai ɗori ya ɗaure masa haɓa da ka tamau da sawaye, siraran ƙyallen saƙa, ya ce kada a kwance sai wata ya cika. Ba magana, ba tauna. Haƙora biyu da saniyar ta zubar sun bar giɓi, ta nan kawai abinci zai shiga, in ba haka ba yunwa da ƙishirwa su ƙarasa abin da saniya ta fara. Ga bazara ta kai bazara.

Gwaggona, yayar baba, ita ta yanko karan ganyen gwanda, mai rami a ciki tun daga sama har ƙasa, ta sa baki ɗaya a giɓin, ɗayan a ƙwarya. A kwana uku na koyi halin karan nan fiye da halin mijina. In ya yi tsawo, numfashin baba ya ƙare kafin kunu ya iso bakinsa. In ya tsage ko da kaɗan ne, iska yake zuƙa. Karan shinkafa da na gwada ya cika siriri, yana ja ya lanƙwashe. Fura mai kauri ba ta hawa, gaya ɗaya ya toshe hanya, sai an tace an tsinka ta da ruwa. In aka ɗaga ƙwaryar kusa da haɓarsa, ya fi samun sauƙi.

Ni kuwa tun ina ƙarama ba na ganin abu na tafiya daidai in ƙyale shi. Ƙudaje sun dame ni, suna faɗawa ƙwaryar. Ranar da Gwaggo ta tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye, na ɗauko gora, na cika shi fal da kunu, na zura karan, na liƙe bakin da kakin zuma ko'ina. Ko tururuwa ba ta samun hanya. Har na so a ce Gwaggo na nan ta ga dabarar mutanen Tambuwal.

Baba ya kama karan, kumatunsa suka lotsa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Can ya saki, ya sa hannu yana bugun bakin goran. Na ɗauka turewa yake yi. Na girgiza goran, yana nan cike. Da yamma na zubar, na dama sabo, na sake liƙewa kamar ɗazu. Ya sake ja, ya sake buga goran.

Washegari leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa. Tsoro ya kama ni, tsorona kuma da faɗa yake fitowa. Na ce masa na bar gidana da mijina saboda shi, shi kuma ya zaɓi ya kashe kansa da taurin kai. Na faɗi abin da ɗiya ba ta faɗa wa uba. Yana kwance yana kallona.

Gwaggo ta dawo da azahar. Ta dubi ƙaninta, ta dubi goran, ta juya shi a hannu.

“Wa yal liƙe bakin goran ga?”

Na ce ni ce, saboda ƙudaje.

“Ƙudaje kam kin hana su sha,” in ji ta. “Shi ma kin hana shi.”

Ta zare tsinke daga tabarma ta huda kakin gefen karan. Ta sa wa baba karan a giɓi. Na ji goran ya yi wata 'yar ƙara, maƙogwaronsa ya fara motsi. Bai saki ba sai da ya kai ƙasa.

Daga baya na gwada da bakina, na gane. Kunu ba ya barin gora sai iska ta samu hanyar shiga ta zauna inda ya tashi. Na daɗe ina tunanin wannan: ni ina tsammanin ƙarfin mai zuƙa ne kaɗai ke ɗaga ruwa, shi ya sa da ruwan bai hau ba na ɗora laifin a kan mai zuƙar.

Baba ya warke, haɓarsa ta ɗan karkace har ƙarshen ransa. Ranar da mai ɗori ya kwance sawayen, mutane sun cika ɗakin suna jiran su ji muryarsa. Ya yi hamdala. Sannan ya nemo ni da ido a bakin ƙofa, ya yi magana a hankali, harshensa da nauyi.

“Ɗiyata, ran nan da kika yi mini faɗa, ba ƙi niy yi ba. Zuƙa nika yi.”

Ya kwana ashirin da wani abu yana riƙe da maganar nan a baki ɗaure, kuma ba don ya kunyata ni ya faɗa ba. So yake in sani bai taɓa ƙin abin da na ba shi ba.