Kututturen Tsamiya a Hanyar Warra

A shekarar 1969, ruwan tafkin Kainji bai daɗe da haɗiye tsoffin ƙauyuka ba, Ɗangana ya fara haɗuwa da Modibbo. Lokacin Ɗangana yana saurayi, kwalekwalensa ya daki kututture kusa da gaɓa ya kife, taru ya naɗe masa ƙafa. Modibbo, Bafulatanin da ya kawo shanu shan ruwa, bai iya iyo ba, amma ya shiga har wuya ya miƙa masa sandar kiwo. Da suka fito bai tsaya jin godiya ba, ya bi shanunsa.

Itatuwan da tafkin ya rufe ba su ruɓe ba. Suna nan tsaye a ƙasa, in ruwa ya janye sai kawunansu su matso sama, inda ido ba ya gani amma cikin jirgi yana samu. Tun daga lokacin Ɗangana ya ɗora wa kansa aiki: duk kututturen da ke kan hanyar Warra sai ya ɗaura masa alama. Da farko gora yake ɗaurawa, daga baya jarka. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ke biyansa. Ƙungiyar matuƙa jirage takan tara masa tsoffin jarkoki, mata su ba shi igiya.

Yanzu ya tsufa, ciwon yanar ido ya rufe masa ido ɗaya. Modibbo ya rasu tuntuni. Samari kuwa sun gano jarka tana da amfani wajen riƙe taru, sai su bi bayansa suna yankewa. Ya je ƙungiya ya roƙi a ba shi wanda zai koya wa wuraren, kowa ya ce sai bayan kamun bana.

Ana gobe kasuwar Warra ya tarar an yanke jarkar babbar tsamiya, kututturen da ya fi kowanne mugunta. Ba shi da wata a gida. Ta nan kuma jirgin masu nono ke bi, a cikinsu akwai Rahama, jikar Modibbo.

Da safe 'yarsa Jamila ta gan shi ya ɗauki filafili.

"Baba, da wannan idon? Ka gaya wa direba mana."

"Wanda ke tuƙi da waya a kunne? Yau na gaya masa, gobe wani ne."

"In ka faɗa ruwa wa zai fiddo ka?"

Ya sauka bakin ruwa. Ya tuƙa ya lalubi tsamiyar da filafili, ya ɗaure kwalekwalensa a kanta, ya zauna cikin rana.

Da hantsi jirgin ya taho, cike har baki, ya nufo shi kai tsaye. Ɗangana ya miƙe yana kaɗa hula. Direban ya karkata da ƙyar, igiyar ruwa ta kusa kifar da tsohon.

"Baba tsoho, nan ne ɗakinka?" in ji direban. Fasinjoji suka yi dariya.

Rahama na gefe, ta dafe ƙwaryarta kada nono ya zube. Ta dube shi kamar yadda ake duban kowane tsoho, don ba ta san shi ba. Jirgin ya wuce lafiya.

Ɗangana ya koma ya zauna. Da la'asar za su dawo ta nan, don haka bai kwance igiyar ba.