Ranar da Tabare Suka Tsare Tagogin Baba

A farkon daminar 1960, kwana huɗu da haihuwar ƙanena, ina tsugune gindin rumbu ina carafke ni kaɗai bayan sallar azahar, sai na ga kajinmu sun bar tono sun ruga ƙarƙashin rumbun. Na ɗaga kai, gabas ta yi baƙi kamar an tsoma ta a marina. Kafin in kwashe duwatsuna iska ta iso. Ta ɗauke jinkar ɗakin Kaka ɗungurungum ta kifa ta a kan danga, sannan na ji wata ƙara, na ga koren katako yana juyi a sama ya tsallake gidan maƙwabta. Murfin tagar Baba ne. Iskar ba ta jima ba, ruwan ma yayyafi kawai ya yi ya wuce, amma da na ruga ɗakin Inna na tarar da ƙyaure a ƙasa ya rabe biyu, tagogin ɗakin biyu sun wangame, toka ta bule ko'ina. Inna tana durƙushe ta ba iska baya, ta rufe jinjirin da jikinta, bakinta yana motsi da salati.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tambuwal da Kebbe, kuma Baba shi ne malamin makarantar elemantare, aji biyu ƙarƙashin rufi ɗaya da wata tsamiya a fili. A shekarun nan maganar mulkin kai ta cika masa baki. Kullum da safe yana jera mu muna maci muna koyon riƙe tuta, yana ce mana ƙasa za ta tsaya da ƙafarta, mu ma sai mu koyi tsabta da shan iska mai kyau. Da ya tashi gina wa Inna soro, ya ce lallai sai an yi masa tagogi biyu manya, masu murfin katako, kuma su dubi gabas domin hantsi ya riƙa shigowa. A garinmu kuwa ko yaron magini ya san ba a ba gabas ƙofa, don daga can ruwa yake zuwa da iskarsa. Maginin ya yi ta sosa ƙeya. Kaka, wato mahaifiyar Baba, ba ta kiran sunansa tunda shi ne ɗanta na fari, sai ta juya ta yi wa maginin magana alhali Baban yana tsaye: "Ka gaya ma Malam, tun kakanninmu hadari bai taɓa sallama ta yamma ba." Baba ya yi dariya, aka yi tagogi, aka kai ƙofa gefensu, aka shafa musu koren fenti. Maginin dai ya bar wata 'yar kafa can sama a bangon yamma, kamar yadda ya saba a kowane ɗaki, babu wanda ya kula da ita. Ni kam tagogin nan sun sa na yi ta hura hanci a filin makaranta. Ko a dandali wurin gaɗa sai na san yadda na sako zancensu.

Abin da ya sa cikin kowa ya ɗuri ruwa a wannan rana shi ne jinjirin. Bayan ni Inna ta haifi uku, duk sun koma, biyu daga cikinsu tari ne na sanyin damina. Wannan na huɗu ko suna ba a raɗa masa ba tukuna. Inna tana jego, safe da yamma ana yi mata wanka da tafasasshen ruwa da ganyen runhu, tana shan kunun kanwa, tana kwana a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashinsa. Ba a fita da maijego cikin iska mai laima, ba a kuma ƙetare gida da ɗan da bai yi suna ba. Ɗakin Kaka ba shi da rufi. Baba ya tafi Tambuwal neman ragon suna, mazan gari duk suna gonakin nesa suna shuka tun asuba, kafinta kuwa sai an je garin Dogon Daji. Ga shi can gabas wani hadarin yana sake haɗowa, ya fi na farko nauyi. Kaka ta dube shi ta ce wanda ya wuce ɗan aike ne kawai, wannan mai zuwa shi ne da ruwan, kuma ba zai kai la'asar sakaliya ba.

Sai ta taka turmi ta leƙa ta kan danga ta ƙwala wa Gwaggo Hassi kira. Gwaggo Hassi maƙwabciyarmu ce, doguwa mai murya, ita ce ke jan mata duk lokacin da za a yi daɓen ɗaki a unguwa. Matan aure ba sa fita da rana, amma tsakanin gida da gida akwai 'yan ɓarakar danga da maza suke yi kamar ba su san da su ba. Ta nan suka riƙa ɓullowa, wata da goyo, wata hannunta duk gari. Gwaggo ta tsaya ta kama ƙugu a gaban soron ta ce, "To, ina tagogin Ingila? Sun riga mu samun 'yanci, sun tashi sama." Har Inna sai da ta murmusa daga ciki.

Da farko aka tsinto murfin taga ɗaya da ya faɗi bayan ɗaki, aka zare ƙusoshin jikinsa, wata ta ɗauko ɗan dutsen niƙa tana bugawa. Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa, balle ya sha yayyafi. Duk bugu ɗaya sai wani ɓangare ya zubo, tagar tana ƙara faɗi. Gwaggo ta ƙwace dutsen ta ce a bar aikin maza ga maza, kowace ta koma gida ta kawo tabaryarta da muciya da duk igiyar ramar da take da ita. Kaka ta sa aka fito da gadonta na kara aka raba shi biyu, aka ɗauko kirgin sa guda biyu da ake shimfiɗawa a zaure. Dabarar ita ce a jingina rabin gado a bakin taga daga waje, kirgi ya rufe shi, a gitta tabarya biyu a kansa, a gitta wasu biyu daga cikin ɗaki, sannan a ɗaure na waje da na ciki da igiya ta cikin ramin tagar, bango ya shiga tsakani su matse shi.

Nan aka zo kaina. Bangon yana da kauri, kuma ni kaɗai ce zan iya naɗewa in zauna cikin ramin taga. Aka ɗaga ni aka cusa. Gwaggo tana huda kirgi da basilla daga waje tana turo bakin igiya, ni ina lalubo shi tsakanin karare ina jawowa, ina miƙa wa Kaka a ciki. Kara ya yayyanke mini yatsu, ban ko ji ba sai daga baya. Ta bayana ina jin numfashin jinjirin, ta gabana ina jin tsawa tana matsowa. Da igiyoyi suka gama ratsawa aka sauko da ni, Kaka ta soka muciya tsakaninsu ta dinga murɗawa, igiya tana ƙara tana tsukewa, har tabaren ciki da na waje suka rungume bangon, ko girgiza su aka yi ba sa motsi. Gwaggo ta ce daga waje, "Murɗa da kyau, tsohuwa, tuwon ga ba shi son gudaji." Kaka ta ce, "Tun ba a haihe ki ba nika tuƙi." A taga ta biyu hannunmu ya riga ya faɗa, ba mu ɓata rabin lokacin ba. 'Yan mata kuma suna ta cuɗa ƙasa da kashin shanu da ƙafa, manya suna ɗiba suna yaɓe gefe-gefe, suna waƙar da suke yi wurin daɓe, iska tana fizgar ɗankwalinsu. Don tsabar himma Gwaggo ta zagaya bayan ɗaki ta hango 'yar kafar nan ta yamma, ta cusa mata tsumma ta liƙe da laka, ta ce yau ko sauro sai ya nemi izini.

Ƙofa ce ta ƙarshe. Ni da Kaka muka shige wurin Inna, aka haɗa ɓarin ƙyauren biyu aka tsayar, aka lulluɓa zana da asabari, muka gitta tabarya muka mirgino turmi muka tokare. Muna jin matan suna gudu suna kiran 'ya'yansu, sai ruwa ya kece.

Ban taɓa jin ruwa kamar wannan ba. Yana dukan kirgin nan kamar ana kiɗan ganga, tabare suna ƙara, igiya tana kuka, amma ɗigo ɗaya bai shigo ba. Kaka ta kunna aci-balbal ta zauna tana jan carbi, ta ƙara garwashi ƙarƙashin gadon Inna don kada sanyi ya kama su. Can na ji kaina yana sarawa, idona yana nauyi. Inna ta jingina da bango tana gyangyaɗi, jinjirin ya saki nono ya yi lamo. Da na dubi fitila sai na ga harshenta ya ƙanƙance ya koma kamar ƙwayar gero. Nan take na tuna ranar da Baba ya kunna fitila a aji ya kifa mata tukunya, ya buɗe muka gan ta a mace, ya ce haka mutum yake idan aka hana shi iska. Na ce, "Kaka, mun toshe ɗakin da yawa. Wutar gadon tana cinye mana iska." Ta ce, "Yi mani shiru, 'yar boko." Ta dubi fitilar, ta dubi Inna, ta kira ta sau biyu kafin ta amsa. Sai Kaka ta kwashe garwashin a kasko ta sheƙa masa ruwan buta, ta duƙa a gindin bangon yamma ta ce in hau bayanta. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, na taka kafaɗunta, na sa hannu cikin kafar na ƙwaƙule laka na tunkuɗa tsumman waje. Iska mai sanyi da ƙanshin ƙasa ta bugi fuskata, kuma da yake gefen yamma ne, ruwa bai biyo ta ba. Harshen fitila ya miƙe. Jim kaɗan jinjirin ya yi atishawa, ya tsandara kuka. Inna ta rungume shi tana hamdala tana hawaye, Kaka kuwa ta zauna daɓas tana haki ta ce, "Ashe ubanki bai yi ƙarya ba. Gefen ne ya ɓata."

Kafin magariba ruwa ya ɗauke. Matan suka dawo ta cikin taɓo, suka tarar da aikinsu yana nan daram, Gwaggo ta rangaɗa guɗa har uku. Da aka ba ta labarin kafar sai ta dafe ƙirji ta ce daga yau ta bar gaba da sauro. A ranar babu gidan da aka ji daka a unguwarmu, domin tabare da muciyoyi duk suna kan tagogin Baba. Maza suka dawo daga gona a jiƙe suka tarar da dafaffen wake da sauran fura, wanda ya yi gunaguni matarsa ta ce ya je ya kwance tabaryar gidansa.

Baba bai iso ba sai washegari da hantsi, ruwa ya tare shi a hanya, yana jaye da rago. Ya daɗe tsaye a gaban soron yana kallon kirgi da tabare. Ya shiga ya duba Inna da yaron, ya fito ya durƙusa gaban Kaka ya ce, "Iya, nuna mani inda za a sa tagogin." Ta ɗauki sandarta ta zagaya ta zana masa wuri a bangon kudu da na arewa. Cikin kwana biyu aka toshe na gabas da tubali, aka yi wa ƙofar 'yar katanga mai kare ta, saboda matan sun ce idan ba a mayar musu da tabarensu ba, to sai dai a ci sunan da ɗanyen gero. Aka raɗa wa yaro Abubakar, amma Gwaggo ta sa masa Mai Taga, kuma har yau da furfurarsa da jikokinsa sunan bai sake shi ba.

Yanzu ina zaune a gidan siminti mai tagogin gilashi da ƙarfe. Idan iska ta fasa ɗaya, jikata take ɗaga waya, kafin la'asar mai gyara ya zo ya tafi, maƙwabta ba su ma san an yi ba. Katangarmu ta fi mutum biyu tsawo, babu ɓaraka ko ta yatsa, kuma tun da injin niƙa ya zo na manta rabon da in ji daka a unguwa. Na gode wa Allah da sauƙin. Kaka da Inna da Baba da Gwaggo Hassi duk sun riga mu, Allah Ya haskaka makwancinsu. Akwai tsohuwar tabarya jingine a bayan ƙofar madafata, yaran suna ta cewa in bayar da ita tunda ba a amfani da ita. Duk sanda gabas ta yi baƙi nakan kai hannu in taɓa ta, in tuna akwai ranar da ran ƙanena ya rataya a kanta, ta kuma riƙe.