Bindigar Baba Ba Ta Shiga Rijiya Ba

Shekarar da aka ce duk mai makamin yaƙi ya miƙa shi ga hukuma, yayana ya yanke shawarar jefa bindigar Baba cikin tsohuwar rijiyar bayan gari. Kakanmu ne ya dawo da ita daga sojan Faransi. Daga baya wani maƙeri ya rarake bututunta don ta ci kartush, harsashin harbin zabi. Da ita Baba yake sanar da ganin watan Salla har ya rasu, harbi guda, kowa a ƙauyenmu na Kurfai ya san muryarta.

Na tare ƙofar ɗaki.

"Wagga ba ta shiga rijiya," na ce.

"Ke mace, mi kinka sani ga bindiga? So kike a kwashe mu?"

"In kana tsoro, Yaya, ka zamna. Ni na kai ta."

Na san tsoronsa ba na banza ba ne, amma raina ya ɓaci. Ranar kasuwar Filinge na naɗe ta cikin tabarma, na shiga mota da rana tsaka. Kowa ya gane abin da ke cikin tabarmar, har muka isa ba wanda ya matso kusa da ni, na samu wurin miƙe ƙafa.

A ofishin jami'an tsaro, jandarman da ya karɓe ta dattijo ne. Ya zare makullinta, ya ɗaga bututun wajen haske, ya kira ni in leƙa. Ya ce ta yaƙi tana da murɗaɗɗen zane a ciki, wannan kuwa an goge ta sumul. Saura ya ga hatimi da lamba, su kuma suna ƙarƙashin fatar wutsiyar bijimi da Baba ya sa mata ɗanya, ta bushe ta kama ƙarfen gam. A wajenmu haka ake ɗaure duk abin da ba a son rabuwa da shi.

Ya ɗauko wuƙa. Na ce ya ba ni, hannun Baba ya sa, nawa zai cire.

Hatimin Faransi na nan. Kusa da shi kuma ga tsaga a ƙarfen, tsawon ɗan yatsa, daidai inda Baba yake kwantar da kumatunsa. Ashe ya sani, ya rufe, ya ci gaba da harba mana ita duk ganin wata.

"Hajiya, wagga ba ta yaƙi ba ce, ba ta farauta ba ce kuma. Wanda duk ya harba ta, fuskarshi za ta ci. Ki bar ta nan."

"A toshe ta dai. Gida za ta."

Ya sa aka raka ni wurin mai walda, aka liƙe bakinta a gabana. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Da na dawo ban naɗe ta ba. A kafaɗa na ratso gari da ita, na wuce yayana a ƙofar gida, na mayar da ita kan ƙusar da Baba ya kafa.